Kawu, Gurguwa da Littattafai Tara

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu komawa wata Talata da hantsi, a kan kujerarsa ta bayan gida, da tabarau a hanci. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya kawo ni ƙasar nan ta Amurka, shi ya aurar da ni, shi ya yi wa 'ya'yana huɗuba. Ranar Laraba aka kai shi makwancinsa, kafin la'asar motoci sun cika filin gidansa na Pleasant Garden, a gefen garin Greensboro, har sun tattake yakuwar da Tanti, matarsa, ta shuka a gefen shinge. Mata na falo, maza na rumfar da aka kafa daidai tagar kicin, ni ina tsakani ina wanke tukwane, don haka duk abin da aka faɗa a kansa ya shiga kunnena.

"Mutumin kirki ne," in ji wata Hajiya mai kantin kayan abinci a Gate City Boulevard. "Firizata ta mutu ana gobe sallah, cike da nama. Ya zo ya tayar da ita, ko lemo bai yarda ya ɗauka ba." A waje wani direban babbar mota ya ce shi ya gyara masa hita a tsakiyar sanyi, lokacin matarsa na jego. Na'ibin liman ya ce tun da Kawu ya taɓa lasifikar masallaci ba ta ƙara shaƙewa ba. Kowa da abin da aka gyara masa. Sai wani cikin 'yan Kano ya ce, "Amma fa idan Alhaji ya kama ka da labarin jirgin ƙasa, sai dai ka kira wurin aiki ka ce yau ba ka da lafiya." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa irin ta gidan makoki, aka bi ta da Allah ya jiƙansa.

Ni ban yi dariya ba, don na san su ɗaya bayan ɗaya. Su ne masu hango Kawu ya nufo su a wurin suna ko walima sai su manna waya a kunne, wayar da ba ta yi ƙara ba. Hannunsa suke so, bakinsa kuwa ya dame su. Ba kuma zan wanke kaina ba. Ni ma na sha zille masa, kuma nawa ya fi nasu muni, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ranar Alhamis wani tsoho Ba'amurke baƙar fata ya sauka daga tasi a bakin titi, da sanda a hannu ɗaya, hula a ɗayan. Ya daɗe tsaye a gefen rumfa ba wanda ya ce masa ga kujera, ana zaton ɗan kamfanin inshora ne. Ni na gane shi daga hoton da ke ɗakin Kawu. Abokin aikinsa ne na shekara da shekaru, Kawu na kiransa Dogo, shi ma ya karɓi sunan har ya iya faɗinsa daidai. Yini guda ya yi a jirgin ƙasa daga wajen New York, inda suka yi aiki tare, don ya zo ya yi gaisuwa. Na kawo masa kujera da ruwa, ya gaida Tanti daga bakin ƙofa, sannan ya juyo ya tambaye ni da Turanci, a hankali, "Ya bar miki littattafan?"

Littattafan guda tara ne, irin na 'yan makaranta masu baƙin bango, Kawu na ce musu kaye kamar yadda muke faɗa a gida. A ciki ya rubuta duk abin da ya sani game da wasu jiragen ƙasa na fasinja masu aiki da lantarki, waɗanda ya yi kusan shekara talatin yana gyarawa, har aka yi musu ritaya aka yanka su aka sayar da ƙarfen. Tarago ɗaya ya tsira daga wuƙa. Dogo da wasu tsofaffin ma'aikata suka roƙa aka bar musu shi, suka ajiye a wata rumfa, burinsu su sake ba shi wuta ya motsa ko da tsawon filin ƙwallo ne, jikokinsu su gani. Matsalar ita ce taragon ya taɓa yin gobara a ƙasan cikinsa, Kawu ne ya sake masa wayoyi da hannunsa, ba bisa zanen kamfani ba, don a lokacin an daina ƙera kayan gyaran. Wace waya ta tafi ina, babu inda aka rubuta sai cikin littattafan nan, kuma ba mai hankalin da zai sakar wa tarago wutar da ke kashe mutum nan take a kan kirdado. Da ajami Kawu ya rubuta, wato Hausa da haruffan Larabci. Ni ya ɗora wa amanar juya su zuwa boko, daga nan zuwa Turanci.

Na ce wa Dogo suna nan a ɗaki, kan kanta, ya jira a yi sadakar uku gobe Juma'a, ran Asabar zan kawo masa har masaukinsa mu fara dubawa tare. Ya ce me zai hana yanzu. Na rasa yadda zan fahimtar da shi. Ni 'yar ƙanwa ce, ba magajiya ba. Idan aka ga na shiga ɗakin mamaci kwana biyu da rasuwarsa na fito da kaya a hammata, kafin na kai mota labarin ya isa Damagaram. Duk wannan magana a bakin rumfa muka yi ta, Kawu Ƙarami, ƙanen marigayin, yana zaune kusa da mu yana jan carbi. Na ga ya ɗago ya dubi Dogo, amma ban kawo komai a raina ba.

Abin dariya ne a ce mutumin Nijar ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin jirgin ƙasa, ƙasar da ko wanda aka shimfiɗa wa dogo a Yamai bai kai kowa ko'ina ba. Kawu sai da ya zama saurayi ya fara ganin jirgi, a Kano, inda ya koyi naɗa waya a injin fanka da na famfo. Da ya zo Amurka tsintsiya aka fara ba shi a wurin ajiye taragai, daga nan ya riƙa matsawa har ya zama shi ake kira idan abu ya gagari kowa. Idan ya fara ba ni labarinsu fuskarsa canzawa take yi.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsu gare ni, "waɗannan ba su da kai mai ja. Kowane tarago da injinansa a ƙarƙashin ciki. Ya miƙa hannu ɗaya sama ya kama waya, ya sha kuran, lantarki kenan, ya kama hanya. Ba hayaƙi, ba gurnani. Sai dai ki ji wani ɗan kuka siriri, sai ki ga tasha ta fara ja da baya."

Ya ce ya tarar da su a bakin aiki, ba shi ya ga zuwansu ba. Jikinsu farin ƙarfe ne da ba ya tsatsa, shi ya sa suka ruɗi mutane, a waje kamar sababbi, a ciki kuwa duk sun gaji. Yawancinsu bibbiyu aka ƙera su, ɗaya na ɗauke da abin da ɗayan ba shi da shi, ba mai iya tafiya shi kaɗai. Waɗannan Kawu na ce musu miji da mata, kuma idan ɗaya ya lalace ba gyara sai a haɗa wanda ya rage da wani marar abokin zama, Kawu ya ce yau sun ɗaura aure a wurin aiki, ba goro ba alawa. Akwai kuma 'yan kaɗan masu komai nasu, suna iya fita su kaɗai, su ne zawarawa. Kamfani lamba ya ba su, shi kuma sunaye. Akwai Mai Tari, wadda famfon iskarta ke yi kamar tsoho mai shan taba. Akwai Ɓarauniya, mai ƙofar da ke cafke jakar fasinja. Akwai Hajiya, ba ta sauri ba ta kuma lalacewa. Sai Gurguwa, bazawara, wadda ke ɗan karkata gefe ɗaya tun bayan gobarar. Ita ce ta tsira, ita ce ke rumfar su Dogo.

Ya san halinsu a kowane lokaci na shekara. Da kaka ganye na zuba a kan dogo, ƙafafun ƙarfen su riƙa santsi, birki ya ci gefe ɗaya, sai ka ji tarago na tafiya yana dukan ƙasa kamar ana sussuka. Da hunturu dusar ƙanƙara mai laushi na shiga injin ta narke ta haɗa wuta, har sai da shi da Dogo suka riƙa yanka wani kyalle suna toshe kafofin iskar, manya suka hana, daga baya suka mayar da shi doka kamar su suka ƙirƙiro. Yana nan aka tuɓe su tas, aka bar gangar jiki kawai, aka sa sababbin injina da kujeru don su ƙara wasu shekaru. Yana nan guguwa ta turo ruwan teku cikin filin ajiya, gishiri ya ci wasu daga ciki ba su sake tashi ba. Sannan aka kawo sababbi masu na'ura mai ƙwaƙwalwa, waɗanda ke faɗa maka ciwonsu a kan allo. Kawu ya ce daga ranar ya san an daina bukatar kunnensa.

Makonninsa na ƙarshe a wurin aiki, shi aka sa ya riƙa kashe tsofaffin. Ya hau ya saukar da hannun daga waya, ya sauko ya cire batir, ya shafa jan fenti a ƙofa, a ja tarago zuwa wurin masu yanka. Wannan ne kaɗai labarin da ba ya ja da tsawo. Na tambaye shi ko ya je ya ga yankan, ya ce, "Na je sau ɗaya, ranar Hajiya." Ya miƙo mini kofin shayi.

Mutanen Greensboro sun daɗe suna ce masa mai girman kai saboda hannunsa na hagu kullum yana cikin aljihu, ko a gaban manya. Ba su san dokar aikinsa ba ce. Mai taɓa babbar wuta hannu ɗaya yake miƙawa, ɗayan ya ɓoye, don idan ta kama shi kada ta bi ta ƙirji daga wannan hannu zuwa wancan. Abin ya bi jikinsa har ya tsufa. Ko ƙofar firij zai buɗe sai ya fara taɓa ta da bayan hannu. Jikokinsa na kwaikwayonsa a bayan ido, yana sane, wani lokaci ma ya juyo ya gyara musu tsayuwar.

Akwai ranar da ya matsa mini na kai shi tashar jirgi ta cikin gari, 'yan watanni da ƙaurowarsa Greensboro bayan ya yi ritaya. Muka tsaya a dandamali, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama. Fayau, ko waya ɗaya babu. Da jirgin ya shigo yana gurnani yana fesa hayaƙin dizal, Kawu ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai babbar mota ce aka ɗora a kan dogo. Mu tafi gida, Uwata." Duk da haka gidan da ya zaɓa a Pleasant Garden yana kusa da layin jiragen kaya, kuma idan ɗaya na wucewa yakan yi shiru a tsakiyar magana har sai ya wuce.

Shi da Kawu Ƙarami ciki ɗaya suka fito amma ba su taɓa kallon abu ɗaya su ga abu ɗaya ba. Kawu Ƙarami na da filin sayar da motoci, yana tura wasu gida ta Kwatano, ya gina katafaren gida a Summerfield inda maƙwabtansa ke kiwon dawaki. Mutum ne mai riƙo da addini, mai kyauta, ba zan hana masa wannan ba. Shi ya lallashi yayansa ya dawo nan bayan ritaya. Rigimarsu da na gani da idona a gidan Summerfield aka yi ta, ranar wata ƙaramar sallah. Kawu ya zo da ɗaya daga cikin littattafan zai nuna wa wani baƙo injiniya, Kawu Ƙarami ya karɓa ya buɗe. Kowane shafi da bisimilla ya fara, don Kawu ba ya ɗora alƙalami ko sukudireba a kan komai sai ya ambaci Allah. Wasu shafukan ma da salati ya rufe su. Gefen takardun kuwa duk shatin yatsu ne na baƙin mai.

"Yaya, sunan Allah ne wannan a cikin giris," in ji Kawu Ƙarami.

"A cikin giris ɗin ya ciyar da ni, ya ciyar da kai lokacin da ka zo da jaka ɗaya," in ji Kawu.

"Kuma ka ce Nasara za ka ba. Su ɗauka ba alwala, su ajiye kusa da kwalbar giya."

"Dogo ya fi wasu masu alwalar amana."

Baƙon ya sunkuyar da kai cikin farantinsa. Kawu ya karɓi littafinsa ya goge bangon da hannun riga, ya ce in kai shi gida. Wata biyu ba su yi magana ba, sai da Tanti ta shiga tsakani. Sun shirya, amma ba wanda ya janye maganarsa.

Shekara uku kafin rasuwarsa su Dogo suka samu Gurguwa. A lokacin gwiwoyin Kawu sun hana shi doguwar tafiya, idonsa kuma ya yi rauni har bai iya karanta rubutun kansa, ga shi ƙanana yake yi kamar tururuwa. 'Ya'yansa nan aka haife su, suna karatun Alƙur'ani daidai gwargwado, amma Hausar ma da Turanci suke amsa ta, balle ajami. Ni kuwa a hannun kakarmu na tashi a Damagaram, ita ta koya mini, da shi take rubuta wa 'ya'yanta wasiƙa. Ya kira ni ya ce, "Uwata, kaye tara ne. Ki ba ni Lahadi bayan azahar. Ke ki karanta, ni in fassara miki abin da nake nufi, ki rubuta da boko. Kafin sanyi ya dawo mun gama."

Na ce to da bakina, har na ƙara da in sha Allahu. Ya sayo mini sabon littafi da biro. Muka fara wata Lahadi a bayan gida, ya hura gawayi ya ɗora shayi, ya jera kujeru biyu. Daga nan sai rayuwa ta shiga. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, shif ɗin Lahadi, wato zagayen aikin ranar, shi kowa ke gudu, ni kuma ba na iya cewa a'a idan an kira. Idan ba aiki ba, akwai suna, akwai biki, akwai kitson yara, akwai gajiya wadda ita ce gaskiyar magana mafi yawan lokuta. Ina wanke tsofaffin wasu ina sauraron labaransu na yaƙi da na gona har da gyaɗa kai, nawa tsohon yana zaune da kujera biyu. Tanti ta gaya mini daga baya cewa duk Lahadi sai ya fito da ta biyun. Idan na kira na ba da haƙuri sai ya ce, "Ba komai, Uwata, je ki shif ɗinki. Gurguwa ba inda za ta." Da ya yi mini faɗa ko sau ɗaya, wataƙila da na zo.

Ranar Juma'a, ranar sadakar uku, tun safe muna kan tukwane. Bayan an sauko daga masallaci an yi addu'a an fara rabon abinci, Kawu Ƙarami ya leƙo ƙofar kicin ya ce, "Ke, ba ni ashana." Na zaci gawayin shayi za a hura wa baƙi. Na ɗauko kwalin da ke saman murhu na miƙa masa da hannu biyu, na koma kan miyata.

Warin ne ya fara isowa. Ba na gawayi ba, ba na turare ba, warin takarda da bangon roba. Na fita da ludayi a hannu na zagaya bayan gida, can ƙarshen fili inda Kawu ke ƙona ganye a cikin wani tsohon duro. Kawu Ƙarami na tsaye da wasu dattijai biyu. Sun wanke duron, sun ɗora shi a kan bulo, sun shimfiɗa farin kyalle a ƙasa sun jera takardu a kai. Haka ake yi wa duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah idan mai ita ya tafi, tsofaffin shafukan Alƙur'ani, kalandar masallaci, takardun addu'a, a ƙona su da ladabi a binne tokar don kada su faɗa shara. Da ladabin kuwa suke yi, suna yaga shafi-shafi suna sakawa, bakinsu na motsi. A kan kyallen babu sauran baƙin bango ko ɗaya. Littafi na tara, na ƙarshe, yana hannun Kawu Ƙarami.

"Kawu, ku tsaya," na ce. "Wannan ba addu'a ba ce. Aikinsa ne."

"Na san ko mene ne," in ji shi. Idonsa jawur, ban sani ba ko hayaƙi ne ko kuka, ina jin duka biyun ne. "Na ji abin da kika ce wa mutumin nan jiya. Yayana yana kabari, ba zan bari sunan Allah da ya rubuta da hannunsa ya je ana jefa shi a akwatin kayan aiki ba. Shi za a tambaya, ba ke ba."

"Amana ya ba ni. Ku bar mini wannan ɗaya, ni zan riƙe, ba wanda zai taɓa. Abin da ke ciki kawai zan kwafa."

"Jiragen nan sun cinye shi yana raye," ya ce, kamar bai ji ni ba. "Inna ta rasu tana kiran sunansa, yana ƙarƙashin tarago ya ce ba a ba shi hutu ba. Ni na sa ta a rami ni kaɗai." Sai ya juyo ya dube ni sosai. "Kin ce amana. Shekara uku kenan da ya ba ki. Shafi nawa kika juya?"

Dattijan biyu suka kawar da kai. Ina iya yin ƙarya, ba wanda zai sani. Na ce, "Huɗu."

Kawu Ƙarami ya buɗe littafin ya yaga shafin farko ya saka a wuta. Taku uku ne tsakanina da shi, kuma na fi shi ƙarfi, tsoho ne mai ciwon suga. Da na fizge da na samu. Amma ba a fizgar abu daga hannun kawu a gaban maza a gidan makoki, haka aka raine ni, sai na tsaya da ludayina ina kallo har ya kai bango. Na ji haushinsa a ranar kuma ina ji har yanzu. Na gaishe shi da sallah, na je duba shi da aka kwantar da shi a asibiti, amma zuciyata ba ta sauko ba, kuma ba zan yi ƙaryar ta sauko ba. Sai dai duk lokacin da na shirya maganganun da zan faɗa masa, tambayarsa ce ke tare ni.

Ran Asabar na kasa zuwa masaukin Dogo da wuri, sai a tasha na same shi yana jiran jirgin komawa. Na zauna kusa da shi a benci na gaya masa komai, ban rage ba, har da ashanar. Ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce to, za su wanke Gurguwa su goge ta, su sa mata matakala yara su riƙa hawa suna ɗaukar hoto, amma wuta kam ba za ta sake sha ba, ba zai sa ran kowa a haɗari ba. Bai zagi kowa ba. Ya tambaye ni ko akwai abin da ya rage.

Na fito da littafin da Kawu ya saya mini, na fara karanta masa shafukan nan huɗu ina juyawa zuwa Turanci. Babu waya ko ɗaya a ciki. Labarin zuwansa ne, da takalmin da aka ba shi wanda ya yi masa yawa, da yadda ake share tarago daga ƙarshe zuwa ƙofa, da wani dogon mutum da ya raba gurasarsa biyu ya miƙa masa rabi ba tare da ya tambayi sunansa ba. A nan Dogo ya rufe fuskarsa da hula. Na jira shi, sannan na karanta layin ƙarshe: "Ranar da aka fara ba ni izinin hawa rufin tarago, bayan an kashe wuta an rataya makulli, abin da na fara gani a can sama shi ne"

Dogo ya sauke hular ya ce, "Ci gaba."

Na ce iya nan ne. A daidai nan wayata ta yi ƙara ranar, wurin aiki na neman wanda zai karɓi shif, na rufe biro na ce wa Kawu sai Lahadi mai zuwa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya haskaka shi fiye da duk ɗakunan da ya haskaka wa mutane a garin nan. Allah ya ba Tanti haƙuri. Ni kuma a roƙa mini gafara. Na tambayi Dogo, na tambayi Tanti, na tambayi duk wanda ya taɓa tsayawa ya saurare shi ko na minti biyar ne, ba wanda ya san abin da Kawu ya gani a kan rufin taragon nan.